Kurakuran da masu aikin jin daɗin jama'a suka fi yi a unguwanninmu na Legas

A watan Disamba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa ma'aikatan jin daɗin jama'a rajista, ta kuma ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida. To amma a Agege da Idi-Araba da Mile 12, masu ɗawainiya da marayu da zawarawa da matan da miji ya lakaɗa wa duka galibi 'yan ƙungiya ne ko 'yan kwamitin masallaci. Babu mai shakkar niyyarsu. Sai dai ana yin ɓarna da kyakkyawar niyya, kuma mai rauni ne ke kwana a ciki.

Mafi muni shi ne sulhu a kan fyaɗe. An lalata yarinya, sai a taru a zauren wani dattijo, a ce a rufa asiri tunda duk baƙi muke a garin mutane, wanda ya yi ya biya kuɗin magani, a shafa fatiha. Ma'aikacin da ya zauna aka yi wannan da shi ya ci amanar yarinyar. Fyaɗe laifi ne da kotu ke hukuntawa, ba rigimar miji da mata ba. Ga kuma lokacin da ake ɓatawa: maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Don haka asibiti ne farko, kafin a yi mata wanka ko a wanke kayan jikinta, domin shaida na nan. Cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na jihar a Ikeja tana duba irin waɗannan kyauta tun 2013. Daga nan sai 'yan sanda ko hukumar DSVA mai yaƙi da cin zarafi a cikin gida da fyaɗe, wadda jihar ta kafa a 2021.

Sai batun tafinta, wanda ya fi cin mu a nan Legas. Mace ta zo ofis fuska a kumbure, ba ta jin Turanci, ba ta jin Yarbanci. Wa ya rako ta? Ƙanen mijinta. Ta yi bayani mai tsawo tana share hawaye da gefen hijabi, shi kuwa ya taƙaita da cewa 'yar saɓani ce aka samu, an ma shirya. Aka rubuta haka, aka rufe fayil. Wasu ma ɗanta ɗan firamare suke sa wa ya fassara abin da uwa ba za ta iya faɗa a gabansa ba. A nemo tafintar da ba ta da dangantaka da gidan, mace in da hali, a ji ta bakin matar ita kaɗai, sannan a karanta mata abin da aka rubuta ta tabbatar.

Hoto kuwa ya zama ruwan dare. An ba maraya buhun shinkafa, kafin ya kai gida fuskarsa ta zaga Facebook da WhatsApp. Na san masu ba da tallafi suna son ganin shaida, amma hoton kayan da rasit sun isa. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta buƙaci amincewar iyaye ko mai riƙo idan yaro ne, kuma yardar mai jin yunwa da aka tsayar gaban kyamara ba yarda ba ce.

Riƙo a tsakanin dangi al'adarmu ce. Amma jaririn da aka tsinta ba a miƙa shi ga Hajiya wance don kawai ba ta taɓa haihuwa ba. Ana sanar da 'yan sanda da Ma'aikatar Matasa da Ci gaban Al'umma ta jihar, kuma a ƙarƙashin dokar haƙƙin yara ta Legas ta 2007 kotun iyali ce ke yanke wanda zai riƙe shi.

Kada a karɓi na goro daga kowane ɓangare, ko da kuɗin mota aka kira shi. Kowace ziyara a rubuta rana da abin da aka gani da ido, daban da abin da maƙwabta suka ce, a kulle fayil ɗin inda sauran 'yan ƙungiya ba za su buɗe ba.