Yadda za ka ƙirga masu buɗe hotunanka daga saba

Idan mutum ya buɗe hoto ta adireshinsa kai tsaye, ko wani ya liƙa shi a shafinsa, JavaScript ɗin da ke ƙirga ziyara a shafinka ba ya tashi, don haka Google Analytics ba ta san an zo ba. Saba, wato kwamfutar da ke ajiye da shafinka, ce kaɗai ta gani, daga can za a yi ƙidayar.

Fara da tabbatar da cewa Nginx, manhajar da ke amsa buƙatu a sabarka, na rubuta kowace buƙata a fayil ɗin /var/log/nginx/access.log. Tsarin rubutu na combined ya wadatar, domin yana ɗauke da IP (adireshin na'urar mai ziyara), lokaci, lambar amsa, burauza da shafin da aka fito.

Sai ka ba GoAccess, manhajar da ke tantance irin wannan fayil, fayil ɗin. Idan Matomo, wata manhajar ƙirga masu ziyara, kake amfani da shi, shigar da shi da import_logs.py, amma kada ka manta --enable-static, in ba haka ba zai tsallake hotunan gaba ɗaya.

Yanzu tankaɗe, nan aikin yake. Cire na'urori irin Googlebot-Image, ba mutane ba ne. Lambar 200 na nufin an aika hoton, 304 kuwa mai burauzar na da kwafinsa, amma ziyara ce, ƙirga ta.

In Cloudflare, da ke tsayawa tsakanin maziyarta da saba, na gaban sabarka, buƙatu da yawa ba sa isowa domin shi ke amsa su da kwafin da ya ajiye, sai ka duba ƙididdigar Cloudflare ɗin. Ka datse ƙarshen kowane IP kafin adanawa, sirrin mutane amana ne.