Kek Ɗin Tukunya Ga Mai Karatun Littafin Labari

Wanda labari ya kama ba ya son girkin da zai tsare shi a bakin murhu. Shi wannan kek ɗin, da an rufe tukunya sai a koma kan littafi.

1. Ki zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, kaurin yatsa biyu, ki rufe, ki ɗora a wuta kaɗan ya yi zafi.

2. Ki buga bota giram 250 da sukari kofi 1 har su yi fari, su yi laushi. Nan ne aikin yake, kada ki yi gaggawa, don bugun nan ne ke shigar da iskar da za ta sa kek ya tashi. Sai ki fasa ƙwai 4, ɗaya bayan ɗaya, kina bugawa.

3. Ki tankaɗe fulawa kofi 2 da bakin fauda ƙaramin cokali 2, ki zuba a kan haɗin botan, ki juya a hankali da madara rabin kofi.

4. Ki shafa mai a gwangwani, ki zuba kwaɓin zuwa rabi, ki ɗora bisa yashin, ki rufe.

5. Kafin ki buɗe littafi, ki saita ƙararrawar waya ta buga bayan minti 40, domin babi mai daɗi yakan mantar da mutum wuta. Kada ki ɗaga murfi kafin minti 30, kek zai faɗa.

6. Ki soka tsinke a tsakiya. In ya fito a bushe, ki sauke, ki bari ya huce kafin ki yanka.