Yadda za a sa dattijo ko mai buƙata ta musamman cikin inshorar lafiya a Katsina

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Daga wannan asusu ake biya wa marasa ƙarfi, ciki har da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. A Katsina, hukumar inshorar lafiya ta jiha ce ke yin rajista.

A fara da lambar NIN, wato lambar katin shaidar ɗan ƙasa. Nan aka fi samun cikas: an rubuta wa Baba "Muhammadu" a kati, a takardar asibiti kuma "Mamman", ko shekarun haihuwa sun saɓa. A gyara tun kafin ranar rajista.

Sannan a je asibitin matakin farko na mazaɓa, a tambayi jami'in da ke riƙe da shi ko asibitin na cikin shirin, da ranar da masu rajista za su zo. Gurbi ƙayyadadde ne, don haka a sanar da mai unguwa da wuri. Wanda ba ya iya tafiya, a faɗa tun farko.

A zaɓi asibiti mafi kusa da gida, ko da wani ya fi shi suna. Mai hawan jini ko ciwon suga zuwa zai riƙa yi akai-akai, kuɗin Keke Napep kuwa ba ya cikin inshora.

In ciwo ya fi ƙarfin asibitin, a karɓi takardar turawa kafin a nufi babban asibiti, kamar Babban Asibitin Katsina. Wanda ya tafi babu ita, sai dai in gaggawa ce, yakan biya daga aljihunsa.