Ƴan Damagaram sababbin zuwa Faransa, ga maganar haƙori

Salamu alaikum ƴan uwa. Hawa metro da neman shagon naman halal wannan cikin sati guda kowa ke iyawa, ba sai na tsaya ba. Abin da ke ci min rai shi ne haƙori, yaro ya zo ya zauna yana danna kanumfari a dasashi kamar yana Birni ko Zango, sai kumatu ya kumbura sannan ya fara buga waya da tsakar dare.

Carte Vitale, katin inshorar lafiya na gwamnati, kaɗai ba ta isa ba wallahi. Sekirite sosiyal, hukumar inshorar lafiya ta gwamnati, kashi 60 cikin ɗari take biya a aikin haƙori, da can 70 ne, a Oktoban 2023 gwamnati ta rage, kuma lissafin bisa farashin da su suka tsaida ne, ba abin da lokotoro ya rubuta maka ba. Cikon sai mitiyel, wato inshorar ƙari da mutum ke shiga. In samunka kaɗan ne ka cika takardar CSS, mitiyel ɗin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, tun haƙorin na lafiya, kyauta ce ko ƴan kuɗi kaɗan a wata. Marar takardun zama akwai AME, taimakon magani na gwamnati, bayan wata uku a ƙasar, ita ma iyakarta farashin gwamnati.

To ga inda ake yankan mutane, debi, wato takardar ƙiyasin kuɗi da lokotoro ke ba ka kafin aiki. Tun 2020 akwai tsarin 100% Santé, wasu kuron (hular haƙori) da birij (haƙorin da ake maƙalawa a jikin na kusa don cike giɓi), daga 2021 har haƙoran roba na cirewa, in kana da CSS ko mitiyel ɗin da ke cikin tsarin ko tamma ba ka biya. Doka ta tilasta wa lokotoro ya rubuta wannan zaɓin cikin debi in akwai shi, amma ba kowa ne zai nuna maka da yatsa ba. Wani ƙanenmu kunya ta hana shi tambaya, ya sa hannu a yi mashi amplan (dashen haƙori cikin ƙashin muƙamuƙi), alhali amplan gwamnati ba ta biyan shi, har yau bashin yake biya, kuɗin da ya kamata ya aika wa tsohuwa gida. Haba!

Mu Damagarawa ba mu barin namu a hanya, ku kawo debi mu karanta tare kafin sa hannu. Masu iyali ku kai yara dubawar haƙora ta tsarin gwamnati mai suna M'T dents, kyauta ce daga shekara 3 zuwa 24, ƙarfen daidaita haƙora kuma sai an fara kafin yaro ya cika 16 ake biya.