Idan kunne ya toshe, fara da ajiye tsinken nan

Mutum zai fito daga wanka ya ji kunnensa ɗaya ya yi ɗum, magana tana zuwa masa daga nesa. Sai ya ɗauko tsinken auduga, ko ashana, ko murfin biro. Don Allah a daina. Ramin kunnen babban mutum bai wuce kusan santimita 2.5 ba, a ƙarshensa kuma dodon kunne yake, fata ce siririya. Tsinke yana tura dauɗar ciki ne yana danne ta, ɗan abin da kake gani a jikin audugar na bakin ƙofa ne kawai.

Ita dauɗar tana da amfani: tana kama ƙura, tana hana fatar ciki bushewa, kuma tauna da magana suna fitar da ita a hankali. Ruwa ne ke kumbura ta, shi ya sa toshewar ke bin wanka.

Ga yadda nake ba da shawara a yi. Kwanta a gefe, kunnen da ya toshe yana sama. A ɗiga man zaitun ɗigo 2 zuwa 3, wanda ba a ɗora a wuta ba. Ka zauna a haka minti 5 zuwa 10, sannan ka tashi ka goge wajen kunnen da tsumma mai tsabta. A maimaita sau 3 a rana, kwana 3 zuwa 5. A kwanan farko jin zai iya ƙara raguwa, kada hankalinka ya tashi. Dauɗar tana iya ɗaukar mako 2 tana fitowa. In ta ƙi, a asibiti za a zuƙe ta da na'ura ko a wanke da ruwa mai ɗumin jiki, domin mai sanyi ko mai zafi yana kawo jiri.

Kada ka ɗiga komai idan kunnen yana ciwo, yana fitar da ruwa ko mugunya, an taɓa yi masa tiyata, ko dodon kunnen ya taɓa hujewa.

Toshewar mura ko ta hawa jirgin sama daban ce, iska ce ta maƙale a bayan dodon kunne. Hamma, haɗiyar yawu da tauna cingam sukan buɗe shi.

Wanda ya fi damuna shi ne jin da ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ba mura, ba wanka, wani lokaci da ƙara a ciki ko jiri. Rufe baki ka yi "mmm". In sautin ya fi ƙarfi a kunnen da ya toshe, galibi toshewa ce. In ya koma lafiyayyen kunnen, matsalar na iya zama ta jijiyar ji. Ka ga likitan kunne a ranar, domin maganin ya fi aiki a kwanakin farko.