In motarka mai gazuwal tana ɗigar da man inji

Salamu alaikum ƴan uwa direbobi. Don Allah kada ku yi saurin sauke inji don kun ga baƙin mai a ƙasa.

A fara wanke injin tas, ya bushe, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ya kwana. Man injin gazuwal baƙi ƙirin ne, mai kauri. Gazuwal kuwa tsararo ne, warinsa daban. Sai a tayar da mota minti 10, a haska da tocila. Mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma ta kai shi baya, saboda haka wuri mafi sama da ya jiƙe shi ne bakin yoyon. Ƙurar Maradi ma tana taimako, takan manne wa sawun man. Ko a barbaɗa hoda.

Sau da yawa abin ƙarami ne: robar murfin saman inji ta bushe da zafi, ko zoben da ke jikin ƙusar juye mai ya mutu, ko tsohuwar robar filta ta maƙale aka ɗaura sabuwa a kanta. Amma abin da ake yawan mantawa, tiyon numfashin inji. In ya toshe, iska kan taru ciki ta turo mai ta kowace kafa. Ko ka sauya roba, yoyo zai dawo.

In ɗigon daga tsakanin inji da giya yake, sai an sauke giya, a kai wa makaniki. Jar fitilar mai kuwa in ta kama, ko kana tsakiyar hanyar Dan Issa, tsaya ka kashe injin nan take.