Darasi na 7: Cikin nan wata nawa ne?

Duk wadda ta taɓa zuwa awo ta san tambayar da malamar asibiti ke fara yi bayan suna: yaushe rabonki da ganin al'ada? To nan fa da yawanmu ke yin shiru, wata ta ce tun kafin azumi, wata ta ce wajen Sallar Gani ne lokacin da aka yi hawa a Daura. Wannan amsa ba ta isa ba, rana ake so, ranar da jinin ƙarshe ya FARA zuwa, ba ranar da ya ɗauke ba.

Daga wannan ranar likita ke ƙirga sati 40, wato kwana 280. Su da sati suke lissafi, mu da wata, shi ya sa sai ki ji mace tana cewa ta cika wata tara har ta gota amma shiru, alhali in da watan Musulunci take ƙirge to cikin yana kai wata tara da kusan rabi. Lissafin ba wuya. Ɗauki ranar, ƙara kwana 7, sannan ƙara wata 9. Misali jini ya fara 10 ga Janairu, kwana 7 ya kai mu 17 ga Janairu, wata 9 kuma 17 ga Oktoba. Ita ce ranar da ake sa ran za ki haihu, wadda za a rubuta maki a katin awo gaban haruffan EDD. Amma kar ki ɗauka dole ranar ce, kaɗan ne ke haihuwa a ranar cif, daga sati 37 zuwa 42 duk ana iya haihuwa.

Hanya ta biyu ita ce tef, irin na tela ɗin nan. Za ki kwanta rigingine, malama ta laluba da hannu ta gano saman mahaifa, ta auna daga ƙashin mara zuwa nan. A sati 12 mahaifa ta fara leƙowa saman ƙashin mara, a sati 20 tana daidai cibiya, daga wajen sati 24 kuma santimita da sati kusan tare suke tafiya, ciki mai sati 30 zai ba da santimita 28 zuwa 32. Tagwaye ko yawan ruwa ko ƙiba kan sa awon ya sauya, don haka girman ciki a ido ba hujja ba ne komai abin da mata suka faɗa a gidan suna. Motsi ma yana taimakawa kaɗan, mai cikin fari kan fara ji a sati 18 zuwa 20, wadda ta saba haihuwa tun wajen 16.

Sai sikanin, kuma nan nake so mu natsu. Sikanin wata ukun farko shi ya fi kowane daidai, kuskurensa bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba, don a lokacin jarirai kusan girmansu ɗaya. Wanda aka yi ciki ya tsufa kuwa yana iya kaucewa da sati 3 cur. Mu kuma sai mu ɓoye ciki don kunya ko kawaici sai ya kai wata bakwai sannan a tafi asibiti, wallahi abin yana damuna, musamman ga wadda ciki ya shiga tana goyo ba ta ma ga jini ba balle ta riƙe rana, ita sikanin da wuri ne kaɗai mafitarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi aƙalla sau ɗaya kafin sati 24. Idan naƙuda ta zo ba zata, da wannan lissafin likita zai gane bakwaini ne ke tafe a shirya mashi, ko kuwa ciki ne ya wuce lokaci a taimaka maki. Maigida, kuɗin mota da na sikanin a wuyanka suke.

Aikin gida: kowa ta ware shafin ƙarshe na littafinta, kowane wata ta rubuta ranar da al'ada ta fara. Sannan ki lissafa wannan mu gani ranar darasi na gaba, mace ta fara jinin ƙarshe 3 ga Maris, wace rana za a rubuta mata a kati?